Injiniya Ghali da Batura Shida

Duk inda Hausawa suka taru a ƙasar waje, ba a rasa mutum guda wanda ya san komai. A Doha, Allah ya haɗa jama'a da Ghali. Ka ce bayanka ke ciwo, Ghali ya san magani. Ka ce jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari yana tafiya ba direba, zai gaya maka tun ana haƙa ramin ya ba da wannan shawarar. Aikinsa na gaskiya kuwa tuƙi ne. Shekara shida yana gidan kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijon Balarabe a Madinat Khalifa, yana kai jikokin dattijon makaranta da safe, ya ɗauko su da rana, ya biya ya sayo burodi. Aiki ne na halal, ba abin kunya a cikinsa ko kaɗan. To amma tun shekararsa ta farko ya ari hular kwano a wurin abokinsa Mohammed-Awal, ya tsaya gaban wani dogon gini a Mushairib, aka ɗauke shi hoto. Ya tura wa matarsa Habiba can Wudil, ya rubuta a ƙasa: Injiniyan lantarki a bakin aiki.

Daga wannan hoton ƙarya ta yi ta haihuwa, har ta yi jikoki.

Ana nan sai kafil, don kirki irin nasa, ya nema wa Habiba takardar ziyara ta wata guda. Ghali ya yi godiya, amma a baki kawai. Shi a duniya abu ɗaya yake tsoro, ranar da Habiba za ta dube shi ta ga direba. Yana sonta, kuma ya tabbata a ransa cewa injiniyan hoton nan take so.

Ya samu ɗakin da zai sauke ta a Al Wukair, nesa da gidan kafil, a wani babban gida da aka yanyanka ɗaki-ɗaki. Nan Mohammed-Awal yake, mai hular kwanon, ɗan Zangon Kumasi, wanda shi ne ke aikin wutar lantarki na gaske. Yana zaune da matarsa Fausatu, mace ce mai jiki da baki, ba ta barin ko ta kwana. Akwai kuma Baba Bawah, dattijon gidan, mai gadi ne da ya daɗe a ƙasar har Larabci ya zauna masa a baki.

Ɗaki dai ya samu, saura abin da zai rufe wa Habiba baki. Ghali ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sai dabara ta faɗo masa. Kafil yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki, wadda a nan ake ce wa karafan, irin wadda mutanen ƙasar ke fita da ita bakin teku idan zafi ya sauka. Da gado a ciki, da firij, da fanka, da famfon ruwa, har da rumfa mai fitowa da kanta in an danna. Irin wannan mota batirinta kashi biyu ne. Akwai na tada inji, akwai kuma na ɗaki, masu ba wa kayan ciki wuta idan an kashe mota. Na ɗakin ne suka mutu, shi ya sa aka jingine ta. Ghali ya ce ai shi ke nan, abin nema ya samu. Zai sa sababbin batura da hannunsa, ranar Juma'a ya kwashi Habiba da mutanen gida zuwa bakin teku, ya miƙa mata fura mai sanyi a tsakiyar yashi. Wa zai ƙara tambayar injiniya takardar shaida bayan wannan?

Kafil ya ba shi makulli, ya kwatanta masa shagon da yake hulɗa da su a unguwar masana'antu. Ya ce amma ya tafi da wanda ya san aikin. Ghali ya dafa ƙirji ya ce khalas, wato magana ta ƙare, wanda ya san aikin yana tsaye a gabansa.

Ranar Laraba Mohammed-Awal ya bi shi shagon ba a gayyace shi ba, don ya san halin abokinsa. Mai shagon, wani mai haƙuri ɗan Indiya, ya fito musu da batura biyu na zamani, farare, marasa nauyi. Ya ce waɗannan don irin wannan mota aka yi su, suna ba da wuta kaɗan-kaɗan daga safe har yamma ba su gaji ba.

To, nan fa gado ya motsa. Mahaifin Ghali dillalin raguna ne a kasuwar Wudil, kuma abu guda ya koya wa ɗansa: kada ka yarda da bakin mai kaya. Ka danna gadon baya, ka ɗaga ka ji nauyi, sannan ka duba haƙora. Ghali ya naɗe hannun riga, ya bubbuga farin batirin a haƙarƙari, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye yana taɓe baki.

"Wannan bai ci ya ƙoshi ba," ya ce. "Batirin da zan ɗaga da hannu guda, me ke cikinsa? Iska?"

"Ghali, ba layya za mu yi ba fa," in ji Mohammed-Awal.

"Kai ɗan Ghana, ka iya jan waya, ban hana ka ba. Amma zaɓe gadonmu ne."

Ya zaga bayan shagon, ya hango wasu baƙaƙen batura na manyan motocin dakon kaya, kowanne kamar akwatin lefe. Ya kama ɗaya zai ɗaga, batir ya ƙi motsi. Fuskar Ghali ta washe. Mai shago ya biyo shi yana bayani da baki da hannu, cewa wannan aikinsa ya ba da ƙarfi sau ɗaya ya tada inji, ba a yi shi don ya wuni yana shayar da firij ba. Ghali ya saurara har ƙarshe, ya ce to ya gane, wato ɗaya ƙato ne, ɗaya malalaci. Aka tambaye shi guda nawa. Ya ce ramin da ke ƙarƙashin gado nawa zai ci? Aka auna, aka ce in an matsa zai ci shida. Ya ce a ba shi shida.

Wajen lodi ya hana ma'aikatan shagon taɓawa, wai kada su jijjiga wutar da ke ciki. A na farko ya yi nishi. A na biyu wandonsa ya yage daga baya, da ƙara irin ta sabon yadi a hannun tela. A na uku bayansa ya riƙe, ya tsaya a sunkuye yana kallon ƙasa, yana cewa ƙasan motar yake dubawa. Ma'aikatan ne suka ƙarasa lodin, sannan suka loda shi a kujerar direba.

Ramin baturan yana can kusurwar baya ta hagu. Ko da karafan ta iso Al Wukair, gindinta na hagu ya kusa shafar ƙasa, goshinta na dama yana kallon sama. Fausatu ta leƙo ta taga, ta tambaya ko motar ta durƙusa ne tana gaida surukai. Ghali ya ce haka ake yayi yanzu, don ruwan sama ya riƙa gangarewa daga rufi. Baba Bawah, yana zaune a ƙofar gida da carbi, ya ce shi dai shekararsa goma sha huɗu a ƙasar nan, ruwan saman da ya gani bai isa a karkata mota dominsa ba. Ghali ya je ya ƙara wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutse.

Sai haɗa waya. Mohammed-Awal ya kawo kayan aikinsa, Ghali ya tare ƙofa. Ya ce shi tun yana yaro yake sa batir a tocilan, kuma kowa ya san yadda ake yi, kan wannan a gindin wancan, har a ƙure. Haka ya jera ƙattin nan shida, kai da gindi. Mohammed-Awal ya yi masa rantsuwa cewa in aka haɗa su haka ƙarfinsu taruwa yake yi, ya ninka abin da kayan motar za su iya ɗauka sau shida. Ghali ya ce to ai abin da ake nema ke nan, firij ɗin zai yi sanyi sau shida.

Yana taɓa wayar ƙarshe, aka ji fat. Fis ya ƙone. Wannan kam bai dami Ghali ba, don a gida ba a sayen fis, ɗaure shi ake yi. Ya warware wayar rataye kaya, ya lanƙwasa, ya cusa a gurbin. Mohammed-Awal ya ce fis ɗin nan da ya ƙone rai ya ceta, shi ne mai gadin motar. Ghali ya ce mai gadin da ke suma tun ɓarawo bai shigo ba, gara a sallame shi. Ya kashe babban makunni, ya ce ba gwaji, idon Habiba ne zai fara ganin wannan wuta.

Da yamma ya tara mutanen gida, ya sassauta murya, abin da ba a saba ji daga gare shi ba. Ya roƙe su don Allah, na wata guda kawai, su riƙa ce masa Injiniya. Mohammed-Awal ya yarda don tausayi. Fausatu ta yarda don tana son ganin ƙarshen wasan. Baba Bawah ya ja carbi ya ce, "Ɗana, ni na tsufa da ƙarya. Ba zan tona ka ba. Amma in aka tambaye ni, zan faɗi abin da na sani."

Habiba ta sauka ranar Alhamis. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, sai ido. A Wudil ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, kuma Ghali bai taɓa tambayar kansa yadda firij ɗinta ke yin sanyi a unguwar da ake kwana uku ba a ga wuta ba. Tun daga filin jirgi yake nuna mata dogayen gine-gine, nan shi ya ja waya, can shi ya ɗaura fitilu, wancan kuma sai da aka taso shi daga barci. Ita dai sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari."

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci aka yi lodi. Fausatu ta dafa shinkafa da wake irin na Zango, ta haɗa zoɓo, wanda su suke ce wa sobolo. Habiba ta dama furar da ta taho da ita daga gida. Aka zuba komai a firij ɗin da ba a kunna ba, Ghali ya ce minti biyar ya ishe shi, su dai su tanadi haƙoran taunar ƙanƙara.

A hanya motar ta yi ta jan hagu. Ghali ya ce kowa ya koma dama. Bai isa ba, ya ce Fausatu ta ƙara matsawa jikin taga. Ta ce oho, yau kuma ita ce dutsen awo, to Injiniya ya faɗa mata kilo nawa ake nema ta ƙara cin shinkafa. Habiba ta dubi gadon da ya karkace, ta dubi mijinta.

Inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, motoci sun yi layi, kowa ya tsuguna yana rage iskar taya. Haka ake yi a nan, taya mai laushi ita ke tafiya a kan yashi. Mohammed-Awal ya ce su tsaya su rage. Ghali ya ce iskar da ya sha wahala ya ɗura ba zai zubar da ita a banza ba, ya taka mota ya wuce layin yana ɗaga wa mutane hannu. Bai yi tafiyar kirki ba gindin hagu ya nutse. Ya ƙara wuta, ya ƙara nutsewa. Ya sa ribas, yashi ya yi ta feshi kan wasu iyalin Sudan da ke shan shayi a gefe. Da ƙura ta lafa, karafan ta zauna daram a kan cikinta, tayar gaba ta dama tana lilo a sama.

Mutane suka fara taruwa, Larabawa da Indiyawa da 'yan Sudan ɗin da ke kakkaɓe yashi daga kofuna. Wayoyi suka fito. Wani da ya san ciwon kansa da nan ya tsaya. Ghali kuwa ya diro, ya dubi teku, ya ce alhamdu lillahi, daidai nan dama ya yi niyyar tsayawa. Ganin an taru, sai ya ga ai ga 'yan kallo Allah ya kawo. Ya tsayar da Habiba a bakin ƙofa, ya gyara murya, ya ce yau za ta ga abin da ya raba ta da mijinta shekara shida. Ya yi bismilla, ya danna babban makunni.

Fitilun ɗakin suka kama da wani irin haske da ya sa rana ta ji kunya, sannan suka fashe ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas. Fanka ta ɗauki gudu da kuka, reshenta guda ya fita ta taga ya tafi neman teku. Famfo ya yi tari, ya harba ruwa daga wurin wanke kwano, ya sami Baba Bawah a ƙeya. Rumfa ta fito da kanta a guje, ta kwashe hular Ghali, ta koma ciki da ita, ta sake fitowa ba hular. Fausatu ta rungume tukunyar shinkafa ta diro tana salati. Daga ƙarƙashin gado hayaƙi ya taso, mai warin roba.

Ghali ya tsaya da yatsa a sama, yana cewa kowa ya kwantar da hankali, gwaji ne.

Habiba ce ta ratsa ta gabansa. Ta kashe makunnin, ta fizgi sifana daga aljihun Mohammed-Awal, ta ɗaga katifa, ta naɗe hannu da mayafi ta kwance baƙar waya. Komai ya yi tsit, sai ruwa da ke ɗiga daga gemun Baba Bawah.

Ana cikin wannan shirun sai wani Balarabe ya ratso taron da igiyar jan mota a kafaɗa. Yana ganin Ghali ya washe baki, ya rungume shi, ya yi ta zuba Larabci yana bubbuga masa kafaɗa. Maƙwabcin kafil ne a Madinat Khalifa, ƙofarsu na kallon juna. Ghali ya yi ta satar kallon Habiba.

Habiba ta juyo wurin dattijon. "Baba, me yake cewa?"

Baba Bawah ya matse gemu, ya dubi Ghali da tausayi. "To, an tambaye ni. 'Yata, cewa yake wannan ai direban maƙwabcinsa ne. Ya ce in ya ƙone kansa a nan, wa zai kai yara makaranta ranar Lahadi, tunda a nan ranar ake komawa? Ya kuma ce duk layinsu ba direba kamarsa, shekara shida bai taɓa makara ba, bai taɓa goga mota ba, yaran ma ba sa yarda su shiga motar kowa sai tasa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Ghali ya iso ƙarshen nasa a gaban mutum kusan arba'in. Ya zauna a kan matakalar motar, kai ba hula, ya kasa ɗaga ido. Kunya ta rufe shi, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Jira yake ya ji muryar Habiba ta sauya.

Ita kuwa tana tsugune a bakin ramin, tana kwance wayoyi. Ta ce wa Mohammed-Awal ya taya ta a fitar da huɗu, biyu sun isa na yau, a haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi. Ta zare wayar rataye kayan daga gurbin fis da yatsa biyu, ta tambaya ko akwai na gaske. Akwai, tun Laraba Mohammed-Awal yake yawo da shi a aljihu. Ta ce waɗannan ma ba baturan ɗaki ba ne, za su kai yamma dai, gobe a mayar da su a karɓo masu dogon numfashi irin waɗanda take amfani da su a gida da faifan hasken rana. Firij yana da nasa ƙaramin fis ɗin a baya, shi ya cece shi. Ta sauya shi, ta danna makunni, firij ya yi gurnani a hankali, ya kama aiki.

Sannan ta zo ta tsaya a kan mijinta, tana goge hannu.

"Malam, tun hoton farko na sani. Hular kwanon nan, an rubuta Mohammed-Awal a goshinta da jan fenti."

Ghali ya ɗago da ƙyar. "Shekara shida? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana jin daɗi. Ni kuma ba hula na aura ba."

Ghali ya juyar da fuska wajen teku. Idonsa ya cika, ya ce yashi ne. Ya ja numfashi sau biyu, ƙirjinsa ya fara dawowa inda yake. Ya miƙe, ya dubi jama'a, ya nuna Habiba da hannu biyu.

"Kun dai gani da idonku. Na gaya muku zaɓe gadonmu ne."

"Ita ma ɗaga ta ka yi ka ji nauyi?" in ji Fausatu.

"Ba shi ya zaɓa ba," Habiba ta ce. "Ni na zaɓa, kuma ban duba haƙora ba."

Aka sha fura da sanyinta daidai gwargwado, har 'yan Sudan ɗin aka miƙa wa don a wanke laifi. Aka loda ƙattin batura huɗu a motar Balaraben, aka rage iskar tayoyi, aka tone yashin da ke ƙarƙashi. Balaraben ya warware igiya zai ɗaura, Habiba ta ɗauko makulli ta sa wa Ghali a tafin hannu.

"Yalla, mu tafi, direba. Wannan kam ka iya."

Ghali ya ce a ajiye igiyar. Ya shiga, ya gyara madubi, ya lallaɓa motar gaba kaɗan, baya kaɗan, gaba kaɗan, sai ga karafan ta fito daga ramin sumul, ko zoɓon da ke kan tebur bai zube ba. Jama'a suka tafa, Habiba ta shiga ta zauna a gaba kusa da shi.

Kafin watan ya ƙare, ita da Mohammed-Awal sun mayar wa motar kafil fitilunta da fankarta, da fararen baturan nan biyu da aka ce ba su ƙoshi ba. Hular Ghali ce kawai ba a samu ba, tana nan cikin rumfa. A Al Wukair kuwa har yau ba wanda ke ce masa Injiniya. Mijin Injiniya ake ce masa, kuma tun daga nesa yake amsawa.